Taurari Sun Shigo Aji Da Rana Tsaka, Saura Mu Buɗe Ƙofa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya yi makarantar sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake koyar da darasin sararin samaniya. Malami ya zana da'ira a allo ya ce ga rana, ya jera mata ƙananan da'irori ya ce ga duniyoyin da ke kewaya ta, yara su kwafe, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, shi ke nan an gama. Yaro ya fita da takardar shaida a hannu, amma bai taɓa ganin ramukan da ke jikin wata ba, balle watannin da ke kewaya duniyar Mushtari. In aka tambayi dalili, amsa guda ce: madubin hangen taurari tsada gare shi, makarantun jeka-ka-dawo ba a zamansu da dare, ga kuma hazon hunturu da gajimaren damina da ke rufe mana sama watanni da yawa. Shekaru talatin da suka wuce wannan hanzari karɓaɓɓe ne. Yau kuwa ya faɗi, domin madubin ba sai an saya ba, kuma ba sai an jira dare ba.

Abin da ya faru shi ne, masana sun gina madubai masu sarrafa kansu a kan manyan duwatsu inda iska ke bushe, babu hayaƙi, babu hasken fitilun gari. Ba mutum a wurin. Na'urar auna yanayi ce ke duba sama, in ta ga gari garau sai rufin ɗaki ya buɗe da kansa, in ta ji alamar ruwa ya rufe. Mai bukata, ko yana Kano ko yana Damagaram, sai ya shiga intanet, ya rubuta sunan abin da yake son gani, da tsawon lokacin da kyamara za ta tara haske. Kwamfuta ta jera bukatun jama'a bi da bi, madubi ya juya ya nufi wurin, ya ɗauki hoto, a aiko wa mai shi. Wasu madubin ma ana ba mutum akalarsu kai tsaye na ɗan lokaci, yana juyawa yana gani.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun cikin 1993 Jami'ar Biradfod ta Ingila ta haɗa wani madubi da intanet don jama'a su aika da bukatunsu. Daga baya wani attajiri ɗan Ingila, Dill Faulkes, ya kashe dukiyarsa aka gina manyan madubai biyu, kowanne faɗinsa mita 2, ɗaya a kan dutsen Haleakala a tsibiran Hawayi, ɗaya a Siding Spring ta Ostareliya, musamman domin 'yan makaranta. A 2005 aka kafa cibiyar Las Cumbres a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta karɓi waɗannan biyun, ta ƙara wasu masu faɗin mita 1 da masu santimita 40 a Cile, da Tegzas, da tsibirin Tenerif, da Sazalan ta Afirka ta Kudu. Hikimar ita ce, in gari ya waye a wannan wuri, dare ya yi a wancan, saboda haka ido ba ya sauka daga sama.

A nan ne ya kamata malamanmu su buɗe kunne. Agogon Nijeriya yana gaba da na Hawayi da awa 11. Watau lokacin da yara ke cikin aji da ƙarfe 10 na safe a Zariya, ƙarfe 11 na dare ne a can, taurari sun fito tas. Gabashin Ostareliya kuma yana gaba da mu da awa 9 ko 10, gwargwadon lokacin shekara, don haka kafin a tashi daga makaranta da azahar dare ya riga ya yi musu. Ashe kuwa darasin taurari ya shiga cikin jadawalin rana, kamar lissafi da tarihi. Madubi mai faɗin mita 2 yana tara haske kusan sau 80,000 fiye da ƙwayar idon ɗan Adam. Galileo, wanda ya gano watanni huɗu na Mushtari a 1610, da ɗan gilashin da bai kai tafin hannu ba ya yi aikinsa. Yaron ƙauye a yau yana iya samun abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka maganar kallon hotuna masu kyau ce kawai. Kyamarar madubi ba ta ganin launi. Sai an ɗauki hoto uku, ta matatar ja, da kore, da shuɗi, sa'an nan ɗalibi ya haɗa su da hannunsa a kwamfuta kafin launi ya fito. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci darasin haske fiye da wanda ya haddace babi guda. Ɗalibi zai iya bin watan Mushtari mafi kusa da ita cikin huɗun nan, ya ga yana gama kewaye cikin awa 42 da ɗan ɗori, ya fitar da nauyin Mushtari da lissafin aji biyar. Zai iya auna hasken wani tauraro na awoyi, ya ga ya ragu da kashi ɗaya cikin ɗari sa'an nan ya dawo, ya gane cewa wata duniya ce ta gitta ta gabansa. Zai iya jera hotunan wuri guda da aka ɗauka 'yan mintoci tsakani, ya ga wani ɗigo yana matsawa alhali taurari na tsaye, ya san dutsen sararin samaniya ne. Tun 2006 wani shiri da aka faro a Jami'ar Hardin-Simmons ta Tegzas yake rarraba irin waɗannan hotuna ga makarantun duniya kyauta, kuma matasan Nijeriya da na sauran ƙasashen Afirka sun shiga ciki. Wannan shi ne kimiyya: a auna, a rubuta, a kuskure, a sake.

Kuma madubin da ake ba yara ba kayan wasa ba ne. A watan Satumba na 2022, da hukumar NASA ta Amurka ta kara wa wani dutsen sararin samaniya kumbo da gangan don a ga ko za a iya karkatar da shi, madubin Las Cumbres na cikin waɗanda suka auna suka tabbatar cewa lokacin kewayensa ya ragu da kimanin minti 32.

To, nawa ne kuɗin? Akwai na kyauta, akwai na haya. Cibiyar ilmin taurari ta Habad da Simisoniyan tana da ƙananan madubai da ake kira MicroObservatory, waɗanda kowa zai iya aika musu bukata ba ko sisi, hoto ya iso masa ta wasiƙar intanet, galibi washegari. Las Cumbres tana ware awoyi a kan ƙananan madubanta ga ƙungiyoyin ilmi da suka nema suka cancanta. Kamfanoni irin su Slooh da iTelescope kuwa biya ake yi. Manyan madubai ba a buɗe suke ga kowa ba, sai an rubuta takarda, an bayyana aikin da za a yi, an yi takara da wasu. Wannan ma darasi ne da ya kamata jami'o'inmu su koya wa ɗalibansu tun da wuri.

Na san masu suka za su ce makarantar da ba ta da kujeru ina ita ina taurari? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma abin da ake bukata bai wuce kwamfuta ɗaya, da faifan hasken rana, da layin intanet, da malami guda da aka horas ba. Yawancin wannan akwai shi a cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta, waɗanda ba kullum ake aiki da su ba. Wasu kuma za su ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma haka ne. Wanda ya ba ka awa a madubinsa yau yana iya hana ka gobe. Amma ƙasa ba ta gina madubi kafin ta sami masu aiki da shi. Afirka ta Kudu da ta buɗe babban madubinta na Sazalan a 2005, mai faɗin wajen mita 11, sai da ta daɗe tana tara masana tukuna. Mu ma muna da tushe. Marigayi Farfesa Samuel Okoye ya yi digirinsa na uku a ilmin taurari a Kambirij, ya dawo ya raya wannan fanni a Nsukka, inda hukumar sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, take da cibiyar bincike. Abin da ya rage shi ne yawan yaran da za su taso su cika wuraren.

Gaskiya ɗaya kuma dole a faɗa. Allon kwamfuta ba zai maye gurbin fita tsakar gida a ɗaga kai ba. Iyayenmu sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, da su suke gane dare da shigowar damina. Malamin kirki zai fara da waɗannan, ya sa yaro ya nuna Kaza da yatsa, ya ƙirga 'ya'yanta shida ko bakwai, sa'an nan ya ɗauko ta da madubi ya ga ashe ɗaruruwa ne.

Saboda haka kira na ga Ma'aikatun Ilmi na jihohi shi ne, kada a fara da kwangilar sayen madubai da za su ƙare a sito ƙura ta cinye su. A fara da mutum. A zaɓi malaman kimiyya daga kowace shiyya a horas da su lokacin hutu, a haɗa kwalejojin horon malamai da sassan kimiyya na jami'o'i su nemi awoyi da sunan jiha, a sa aikin awo guda ɗaya cikin abin da ɗalibi zai gabatar kafin ya gama sakandare. Ɗalibai kuma kada su zauna jiran takardar umurni daga ofis. Wanda ke da waya da intanet zai iya aika bukatarsa ta farko yau, gobe ya ga wata da ramukansa. Gani ya kori ji. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su duba.