Kisa a Makarantar Kwana: Wa Ya Kamata a Fara Tuhuma?

A shekarar 1959 Agatha Christie ta fitar da Cat Among the Pigeons, labarin yadda aka riƙa kashe malamai a Meadowbank, wata makarantar kwana ta 'yan mata a Ingila. Duk da 'yan sanda sun cika harabar, wata ɗaliba ce mai suna Julia Upjohn ta gano duwatsu masu daraja da aka ɓoye a mariƙin abin buga ƙwallon tanis, ta sulale zuwa Landan ta kai wa Hercule Poirot. A lokacin, yarinya mataimakiya ce kawai ga babban mai bincike. A littattafan matasa na yau, ita ce mai binciken, manya kuwa sun koma cikin waɗanda ake zargi.

Dalilin da ya sa marubuta ke son makarantar kwana a fili yake. Ƙofa ɗaya ce, mutane ƙidayayyu ne, ƙararrawa ta raba wa kowa lokacinsa, iyaye kuma suna nesa. Wanda ba a gani a ɗakin kwana ba bayan kashe fitila, sai ya faɗi inda ya je. Sai dai wannan sauƙin shi ne tarkon da yawancinsu ke faɗawa: su ɗauki makarantar a matsayin katanga kawai, su manta cewa ita ma tana da abin da take karewa.

Littafin Maureen Johnson, Truly Devious, wanda ya fito a 2018, misali ne. Stevie Bell ta shiga makarantar Ellingham da ke tsaunukan jihar Vermont a Amurka da nufin warware asirin sace matar attajirin da ya kafa ta da 'yarsa a 1936, kwatsam sai wani ɗalibi ya mutu. Labarin yana da jan hankali, ga hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ga wasiƙa mai kacici-kacici. Amma mutuwar yaron ba ta da nauyi a zuciya, tamkar an ajiye ta ne domin wasan ya ci gaba. Kuma mai karatu ba zai sami cikakkiyar amsar tsohon asirin ba sai ya kai littafi na uku, wanda ya fito a 2020. Wannan ya fi kama da dabarar kasuwa.

Faridah Àbíké-Íyímídé, 'yar Birtaniya mai tushe a Najeriya, ta bi wata hanya dabam a Where Sleeping Girls Lie na 2024. Sade Hussein, Musulma da ta taso tana karatu a gida, ta shiga makarantar Alfred Nobel a Ingila. Ba ta gama kwance kaya ba, abokiyar ɗakinta Elizabeth ta ɓace. Hukumar makarantar ta yi saurin rungumar bayanin da ya fi mata sauƙi, darussa suka ci gaba kamar ba a yi ba. Kafin a tsinci gawar wani ɗalibi, mai karatu ya riga ya fahimci cewa ɓarnar ta girmi ɓatan yarinya ɗaya: samari ne 'ya'yan masu hali ke cin zarafin 'yan mata, kowa ya ji ƙishin-ƙishin, ba wanda ya ɗaga murya.

A nan littafin ya fi na Johnson, duk da cewa tsakiyarsa tana jan ƙafa, kuma soyayya da shagulgulan ɗalibai sun cinye shafukan da bai kamata ba. Ya gane cewa makaranta mai tsada tana rayuwa ne da sunanta, kuma duk abin da zai taɓa sunan, ko da gaskiya ce, abokin gaba ne. Ko a Meadowbank, da iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu, makomar makarantar ta shiga sahun gaba a tunanin shugabarta. Wanda ya yi makarantar kwana a Zariya ko Katsina ba ya buƙatar a fassara masa wannan shirun. Ya san yadda ƙaramin ɗalibi ke haɗiye zaluncin siniya domin kada a ce ya cika kai ƙara, ya kuma san yadda ake rufe magana da cewa a bar ta a cikin gida.

Akwai iyayen da ke ganin bai dace ɗan shekara 15 ya karanta labarin kisa da fyaɗe ba, kuma damuwarsu tana kan hanya. Littafin Àbíké-Íyímídé ba na ƙananan yara ba ne, ya fi dacewa da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, musamman idan akwai babban da za su tattauna da shi. Amma yarinyar da ake tsoron ta karanta labarin Sade, ita ce dai aka sauke da akwati a bakin ƙofar wata makaranta, aka ce mata sai ranar ziyara.