Ciyawar Robar da Ta Raba Talaka da Wasan Hoki

Masu kula da wasan hoki na duniya kan ba da labarin shekarar 1976 da alfahari. A Montreal a shekarar ne aka fara buga hokin gasar Olamfik a kan ciyawar roba, kuma a cewarsu daga nan ya zama na zamani: ƙwallo tana gudu sumul, ba rami ba tudu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya biya kuɗin wannan zamani.

Kafin lokacin, Indiya da Pakistan ne sarakan wasan. Indiya ta ci zinaren Olamfik sau shida a jere, daga 1928 zuwa 1956, ta ƙara a 1964. Pakistan ta ci a 1960 da 1968. Fasaharsu ta fito ne daga filin da ba shi da tabbas. Yaron da ya taso yana bin ƙwallo a tsakanin duwatsu da ɓurɓushin ƙasa dole ya koyi sarrafa ta da wuyan hannu, ya iya yanka da yaudara, irin salon da ya ɗaukaka Dhyan Chand. Sanda da fili kawai yake buƙata. Har Kenya ta zo ta huɗu a gasar cin kofin duniya ta 1971.

Indiya ta ɗauki kofin duniya a 1975 a kan ciyawa. Shekara guda bayan haka, a Montreal, ta ƙare a ta bakwai.

Filin roba ya sauya abin da ake nema ga ɗan wasa, ya koma gudu da ƙarfin jiki da doguwar miƙa ƙwallo. Ba laifi ba ne wasa ya sauya. Laifin shi ne tsadar shiga. Shimfiɗa filin kuɗi ne, sabunta shi bayan wasu shekaru kuɗi ne, kuma wanda ake manyan gasanni a kai sai an yi masa ban ruwa kafin wasa, a garuruwan da ruwan sha ma sai an yi layi. Ƙaramar ƙasa irin Holan ta cika kulob-kulob ɗinta da irin waɗannan filaye, yayin da matashin Punjab kan girma kafin ya taka ɗaya, sannan a ce ya manta da abin da hannunsa ya saba.

Masu kare tsarin za su ce Pakistan ta ci zinare a 1984 da kofin duniya a 1994, duk a kan roba, kuma rikicin shugabanci ya kassara hukumomin wasan a ƙasashen biyu. Haka ne. Amma tun 1984 babu wata ƙasar Asiya da ta sake cin zinaren maza. Jamus da Holan da Ostareliya da ire-irensu ke karɓa-karɓa. Indiya ta kasa zuwa Olamfik ta 2008, Pakistan kuwa ta rasa uku a jere, daga 2016.

Farfaɗowar Indiya ma hujja ce a kansu. Tagullar da ta samu a Tokyo, bayan shekara 41 ba lamba, ta biyo bayan kuɗin da jihar Odisha ta zuba tun 2018, wajen ɗaukar nauyin tawagar ƙasa da gina filaye. Yanzu hukumar hoki ta duniya, FIH, ta dawo tana neman filin da ba ya shan ruwa, wanda shi ma sai mai hali zai iya saya.