MAKARANTA CE KO BARIKIN SOJA?

Akwai wata mummunar ɗabi'a da hukumomin makarantu na ƙasar nan suka gada daga mulkin soja, har yau kuwa ba su yar da ita ba. Watau ɗalibi in ya ce abinci ya yi tsada, ko ruwa ya ƙafe a ɗakin kwana, maimakon a duba kukansa sai a shiga neman wanda ya zuga shi. A sa abokansa su riƙa kai tsegumi ofis, a rubuta sunansa, a kore shi ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Wanda ya ce wannan tarbiyya ce, to ya tuna da watan Afrilu na 1978. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin 'yan jami'a na kowace rana, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana Kwamishinan Ilmi. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Amsar da aka ba su ita ce harsashi: aka kashe Akintunde Ojo a Ikko, soja suka kashe waɗansu a Zariya, aka soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, aka kori shugabanta Segun Okeowo. Shin bakin ya rufu? Ko kusa. A 1986 ɗaliban Zariya suka yi jerin gwano na tunawa da mamatan, aka hukunta shugabanninsu, rigima ta tashi, ran 23 ga Mayu 'yan sanda suka sake zub da jini a Samaru. Ko a 2022, cikin mulkin farar hula, an kama wani ɗalibin jami'a a Dutse aka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter, sai da jama'a suka yi ca kana aka janye ƙarar.

Masu kare wannan hali sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Yaron da aka horar da tsoro bai koyi ladabi ba, munafunci ya koya, gobe kuwa shi ne alƙali, shi ne ɗan majalisa. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon faɗin ra'ayinsa, bai ce ban da mai ɗauke da littafi ba.

Saboda haka iyaye 'yan Arewa mazauna Agege da Sabon Badun da Shagamu, waɗanda ke sayar da goro da shanu su biya kuɗin makaranta, ya kamata su farka. In takardar kora ta iso, kada uba ya fara da mari. Ya je da ƙafarsa ya tambaya: mene ne laifin, wa ya shaida, an kuwa saurari yaron? Shugaban makarantar da ke da gaskiya ba zai ji tsoron tambaya uku ba.