Kankare a Ƙasashen Ƙanƙara: Fa'idodi da Illoli

A jihar Minesota ta Amurka, ko a lardunan Ontariyo da Kwibek na Kanada, ba ranar da magini ya gama aiki ake sanin ingancinsa ba. Sai watan Afrilu, idan dusar ƙanƙara ta narke, sannan mai gida ke fitowa ya duba daɓen ƙofar gidansa inda yake ajiye mota. Wani ya tarar da nasa sumul. Maƙwabcinsa kuwa, wanda aka yi wa aiki a wata guda da siminti iri ɗaya, ya tarar fuskar daɓen ta ɓaɓɓare, tsakuwa ta fito tsirara. Wanda ya fahimci abin da ya raba waɗannan daɓe biyu ya fahimci rabin sana'ar kankare a ƙasar sanyi.

Kankare komai taurinsa yana shan ruwa, domin cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa kuma idan ya daskare yakan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kamar yadda duk wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza ya sani. Tsananin sanyin ba shi ne babbar matsala ba, maimaicin ne. Da rana ƙanƙara ta narke, ruwa ya shige kafofin. Da dare ya daskare ya buɗa su. Gobe a sake. A birni kamar Toronto ana yin haka sau da dama a hunturu guda, kuma kowane zagaye yana barin ɗan rauni da na gaba zai faɗaɗa.

Duk da haka babu abin da ya maye gurbin kankare a can, kuma dalilin farko yana ƙarƙashin ƙasa. Ita ma ƙasar daskarewa take yi. Inda take da laushi mai riƙe danshi, ƙanƙara na taruwa a cikinta falle-falle, tana jawo ruwa daga ƙasa tana ƙara kauri, har ta ɗaga abin da aka ɗora a kanta. Tana iya ɗaga kusurwar gida, ƙofa ta ƙi rufuwa, bango ya tsage. Shi ya sa dokar gini ta Minesota ta wajabta a kai harsashi zurfin inci 42, wato santimita 107, a kudancin jihar, a arewaci kuma inci 60, sama da mita ɗaya da rabi. A irin wannan zurfi, cikin danshi, katako ruɓewa yake yi in ba an yi masa magani na musamman ba, ƙarfe kuma tsatsa. Kankare ne ke zama shekara da shekaru yana ɗauke da gida. Tunda kuma dole a yi tono, sai magina suka ƙara kaɗan suka mayar da ramin ɗaki. Daga nan gidajen arewacin Amurka da Kanada suka sami ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye na'urar ɗumama gida da bututun ruwa don kada su daskare, sau da yawa ma har falo da ɗakin kwana. Tilas ce ta zama riba: ƙarin bene guda a kuɗi mai rangwame.

Mutanen Suwidin da Nowe da Finland sun bi wata hanya tun wajen shekarun 1950. Maimakon tono mai zurfi, sai su kewaye harsashi marar zurfi da allunan da ke hana zafi fita, ɗumin gidan ya hana ƙasar ƙarƙashinsa daskarewa. Nan ma dai kankare ne a tsakiya.

A gine-ginen kasuwanci fa'idar ta fi fitowa fili. Daɓen sito da motocin ɗaukar kaya ke zirga-zirga a kai, da bakin ƙofar da tirela ke tsayawa ta sauke lodi, kwalta ba ta iya musu, domin takan lotsa a ƙarƙashin nauyin da ya tsaya wuri guda, musamman da zafin Yuli. Kankare ba ya cin wuta, yana ɗaukar nauyin dusar da ke taruwa a rufi, kuma ana iya zuba bango da ginshiƙai a cikin masana'anta mai ɗumi a tsakiyar Janairu, a kai su wurin gini a haɗa. Ko a ƙofar gida, daɓen kankare da aka yi da kyau yakan kai shekara talatin ko fiye, ya daɗe fiye da kwalta, ko da yake ita ta fi araha da farko, ta fi haƙuri da motsin ƙasa, kuma baƙinta na saurin narkar da dusa.

Fa'idar da ta fi burge ni ita ce yadda aka samo maganin daskarewar. A shekarun 1930 injiniyoyin hanya a jihar New York suka lura wasu tituna na jure hunturu fiye da sauran. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa simintin waɗannan titunan ya haɗu da ɗan kitse ko mai a wurin niƙa, shi kuma ya haifar da ƙananan kumfar iska a cikin kwaɓin. Abin da ake ɗauka aibi ne ashe shi ne kariya. Daga baya T. C. Powers na ƙungiyar masu siminti ta Amurka ya bayyana dalilin a shekarun 1940: idan ruwa ya fara daskarewa yana neman mafita, kumfar ita ce ke ba shi wuri, muddin tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Yau ana zuba wani sinadari da gangan don a samu kumfar. Dokar Ontariyo ta ce daɓen waje da na gareji ya kasance mai ƙarfin megafaskal 32, da iska kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Ba kyauta ba ce, domin kowane kashi ɗaya na iska yana rage ƙarfi da kusan kashi 5, amma ciniki ne mai riba ƙwarai.

To idan an san magani tun shekara tamanin da suka wuce, me ya sa daɓe ke ci gaba da ɓarewa? Nan illolin suka fara, kuma mafi girmansu a ganina ita ce aibin kankare ba ya nunawa ranar biyan kuɗi. Daɓe mai kumfa da marar kumfa kamarsu ɗaya. Ƙa'idar aikin waje ita ce ruwa kada ya wuce lita 45 ga kilo 100 na siminti, wato lita 22 da rabi ga buhu mai kilo 50. Irin wannan kwaɓi yana da wuyar ja. Lebura ya gaji, ya ce wa direban motar kwaɓi ya ƙara ruwa, cikin minti biyu an raunana aikin da ya kamata ya yi shekara talatin. Wani ya yayyafa ruwa a fuska don ta yi sheƙi. Wani ya shafe kafin ruwan da ke tasowa sama ya bushe, ya kulle shi a ƙarƙashin siririyar fata. Wani ya bi da injin gogewa na ƙarfe, wanda ya dace da daɓen cikin gida, ya kore kumfar daga saman da ya fi bukatarta. Mai gida ya ga aiki yana ƙyalli ya yi godiya, alhali wannan ƙyallin ne zai fara tashi.

Sai gishiri. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomi a waɗannan ƙasashe suka dogara da watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, kuma ba na musun cewa yana rage haɗari. Amma shi ne babban abokin gabar kankare. Yana sa fuskar daɓe ta zauna a jiƙe, yana tsananta ɓarewa, kuma ko mai gida bai watsa ba, motarsa za ta kwaso shi daga titi ta ɗiga masa a gareji. Mafi muni, yana ratsawa har ya isa rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura fiye da ƙarfen asali, ta fasa kankaren daga ciki.

Wannan ba maganar kyan gani kawai ba ce. Ranar 30 ga Satumba 2006 gadar sama ta De la Concorde a garin Laval na Kwibek ta rufta kan motoci, mutum biyar suka mutu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Pierre Marc Johnson ya sami kuskure a zane da wajen ɗaurin rodi, ya kuma sami kankare marar ingancin jure daskarewa da gishiri. Ranar 23 ga Yuni 2012 rufin rukunin shaguna na Algo Centre a garin Elliot Lake na Ontariyo ya faɗo, mata biyu suka rasu. A saman rufin ake ajiye motoci, ba a shimfiɗa masa abin hana ruwa na kirki ba, ya yi ta yoyo shekara talatin da wani abu, har ruwan gishiri ya cinye waldar da ke riƙe da ƙarfen da ke ɗauke da fale-falen kankaren. Gadar Champlain ta Montiriyal, wadda aka buɗe a 1962, gishiri ya ci ta har aka haƙura da gyara, aka rufe ta a 2019 aka koma sabuwa. Abin da ke ci mini rai a labarin Elliot Lake shi ne kowa ya ga yoyon. Masu shaguna sun yi ta jera bokitai. Ilimi bai yi ƙaranci ba. An yi ta ɗage kashe kuɗi ne har ranar da ba sauran ɗagewa.

Shi kansa ɗan kwangila ba a kan gadon hutu yake ba. Lokacin aikin waje gajere ne, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A farkon kakar ma hukumomi kan taƙaita nauyin manyan motoci a wasu hanyoyi saboda ƙasa ta yi laushi da narkewa, motar kwaɓi ba za ta zo a cike ba. A ƙarshenta kuwa kowa na gaggawar a gama masa kafin dusa, kuma sauri ya haifi nawa: daɓen da aka zuba a ƙarshen Oktoba bai samu watan da yake bukata na shan iska ya bushe ba, sai ya shiga hunturu da ruwa a cikinsa. Idan ɗanyen kankare ya daskare kafin ya kai ƙarfin megafaskal 3.5, yana iya rasa rabin ƙarfinsa har abada. Maginin Kano yana ba sabon aiki ruwa don kada rana ta ƙone shi. Takwaransa na can yana lulluɓe nasa da barguna, ya kwaɓa da ruwan zafi, ya kafa rumfa ya kunna hita. Duk wannan kuɗi ne da ke hawa kan mai aiki. Hitar ma idan hayaƙinta bai da mafita, yana lalata fuskar daɓen ta riƙa tashin gari, yana kuma iya halaka ma'aikata. Sinadarin da aka fi sani mai sa kwaɓi ya kama da wuri, shi ma dangin gishiri ne, yana cin rodi.

Ma'aikacin kuma jikinsa ke biya. Ɗanyen siminti yana ƙona fata idan ya shiga takalmi, ƙurar yankan kankare tana lalata huhu, gwiwa da baya kan gaji da wuri, sannan ga watannin zaman gida idan aiki ya tsaya.

Akwai kuma lissafin muhalli. Masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, don haka duk daɓen da aka fasa a shekara ta goma maimakon ta talatin an ninka wannan ɓarna a banza. Kankare kuma ba ya karɓar faci da daɗi. Fuskar da ta ɓare sosai galibi sai a farfasa a sake.

Idan na auna, a ƙarƙashin ƙasa da cikin gini fa'idar ta rinjaya nesa ba kusa ba, ban ga abin gardama a nan ba. A fili ne, inda ruwa da gishiri ke haɗuwa, ma'aunin ke rawa, kuma abin da ke karkatar da shi halin mai aiki ne da abin da aka rubuta a takardar kwangila. Yawancin 'yan kwangilar gidaje lamunin shekara guda suke bayarwa, da yawa kuma sukan cire tsagewa da ɓarewar fuska daga ciki. Game da tsagewa ina ba su gaskiya, domin kankare yana tsukewa idan yana bushewa, abin da magini zai iya kawai shi ne ya yanka layuka masu zurfin rubu'in kaurin daɓen don tsagewar ta bi ta nan. Amma cire ɓarewa ban yarda da shi ba, tunda galibi daga hannun mai shafe take fitowa. Mai gida yana da haƙƙin a rubuta masa ƙarfin kwaɓi da yawan iska a kwangila, a nuna masa takardar da direban mota ya zo da ita, a rubuta duk ruwan da aka ƙara a wurin aiki, a karkatar da daɓen yadda ruwa ba zai kwanta ba. Shi kuma mai gidan a hunturun farko ya watsa yashi maimakon gishiri. Ɗan kwangilar da ya karɓi waɗannan sharuɗɗa farashinsa zai fi na wanda ya ƙi, kuma shi zan ba aikin.