Kewar Gida Ba Ta Biyan Bashin Mai Kanti

Yau mun aje makirofo mun ɗauki rubutu, don maganar ta fi ƙarfin ƴan mintocin da muke samu tsakanin gaisuwa da gaisuwa.

Duk mai bin shirinmu na gaishe-gaishe ya san yadda saƙonnin murya ke shigowa ta WhatsApp. Wani daga Agadas, wani daga Arlit, wani daga wajen haƙar zinariya a Jado, wani Libiya, wani Abijan. Bayan an gaida tsoho da tsohuwa da maigari, kusan kullum da abinci ake rufewa. A gaida mai hurar bakin kasuwa. A gaida mai tsiren tasha. A tambaya ko mai kantin nan na kusa da masallacin Juma'a yana nan da rai. Mutum ya shekara goma bai taka gida ba, ya manta sunan malaminshi na lekol, amma ƙamshin ƙuli-ƙulin unguwarsu na nan cikin hancinshi.

Mu ma ba mu tsira ba. Karatu ya fid da mu daga Gidan Sori zuwa lise a Maraɗi, daga can aiki ya kawo mu Yamai. Kuma a faɗi gaskiya, Yamai ba ta rage mu da komai ba. Ka shiga kasuwar Katako ko ta Wadata, akwai hatsi, akwai kuka, akwai gyaɗa. Abokan wasanmu Zabarmawa sun koya muna cin kopto da dambunsu, mun ci mun gode, ko da yake ba za mu faɗa gabansu ba. Amma a dama maka hura a nan, ka kai ludayi baki, sai ka ji da sauran magana.

Akwai dalili, ba shagwaɓa ba ce. Nonon da ake samu a birni yawanci da madarar gari ake haɗa shi, alhali na gida daga hantsar saniya ya fito, ya kwana cikin ƙwarya. Hatsin gida daga rumbu ake ɗebo shi, a sussuka, a surfa, a daka a turmi. Na birni ya daɗe cikin buhu kafin inji ya niƙe shi. Miyarmu daddawar batso ke ɗaga ta, wadda mata ke yi da ɗiyan yakuwa, ga man gyaɗa na matsar hannu. A birni kuwa dunƙulen magi ne da man bido da ba ka san ƙasar da ya fito ba. Harshe ba ya ƙarya. Abin da ya saba da shi tun yana ƙarami shi yake nema.

Shi ya sa koli ba ya yankewa a hanya. Ka je tashar Rimbo ko STM ko Al Izza da yamma, ka ga buhunna da kwalaye da bido-bido an rubuta suna da lambar waya da babban baƙi. Sun baro Gidan Runji, sun ratsa Madawa, Galmi, Konni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kusan kilomita 600, don wani ya sha miyar da ta yi kama da ta uwarshi. Ran da kolinmu ya iso, gidan kan koma kamar ana Salla.

To, a nan ne za mu taɓo inda ke da ciwo. Wa ya biya kuɗin kayan da ke cikin kolin nan?

Mu duba yadda abin ke faruwa. Ka ɗauki waya: "Inna, in an samu mai tahowa a aiko mini da ɗan ƙuli, da daddawa, da man gyaɗa ko lita biyu, da aya, da busasshiyar kuɓewa. In an je Gidan Runji a haɗo da kilishi." Ta ce to, Allah ya kai mu. Ka kashe waya kana murna. Ita kuwa tsohuwa ba ta da ƙarfin daka kamar da. Sai ta aika gidan maƙwabciya mai ƙuli, ta aika gidan mai daddawa, ta ce na yaron nan ne na Yamai. Wa zai ce ma uwar foksiyone kawo kuɗi tukuna? A ba da kaya, a ce sai an samu. Wani lokaci a sayar da kaza a biya, wani lokaci maganar ta bi ruwa.

Kowa a cikinmu ya ga yadda ake ƙuli-ƙuli. A ɓare gyaɗa, a soya, a murje, a fece, a kai niƙa, a dawo a tsaya kan turmi ana juyi da ruwan zafi har mai ya fito, a matse tunkuza, a mulmula, a toya cikin hayaƙi. Yini guda cur, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Da ita matar nan ke sayen sabulu, da ita take haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Mu da ke cewa babu ƙuli kamar nata duk duniya, mu ne muke cin shi kyauta. In mun zo gida Salla kuma muka shiga kasuwa, mun fi baƙo tsananin tayi. A ce dala ashirin, mu ce sha biyar, mu ƙara da "haba, ni ɗan gida ne fa". Amma a babban butik na Yamai, inda aka liƙa farashi jikin kaya, ko tari ba mu yi. Mu biya, har mu ce mersi.

Sai maganar kanti. Abin da muke kewa a kantin gida ba sukari ba ne ko ashana, waɗannan ko'ina akwai su. Kewarmu ta mutumin da ke bayan tebur ce, wanda ya san ubanka, ya san gonarku, ya san sai kaka kuke da kuɗi. Yana da kaye guda, littafin bashi, da biro ɗaure da zare. Mu da muke ƴan samari a yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, mun ga gidajen da tiya guda ta bashi ta hana su kwana da yunwa. Babu banki a ƙauye, babu takarda, babu sa hannu. Kayen nan shi ne bankin talaka.

Bari mu fara da kanmu kafin mu nuna wani da yatsa. Bara waccan mun je gida, muka nufi kantin da muke sayen kaye da biro duk shigar lekol. Mun tarar ya koma wurin cajin waya. Mai shi yana gida, ya tsufa, jari ya karye. Muka zauna gaisuwa, cikin raha ya sa aka ɗauko tsohon littafin. Ga sunanmu nan, jika uku da ƴan kai, tun shekarar da za mu tafi Maraɗi: fitila, batir, sukari, sabulu. Bai taɓa aiko muna ba. Ya ce kunya yake ji ya tambayi mutumin da ake jin muryarshi a rediyo. Wallahi ƙasa ta ƙi tsagewa ne kawai. Shekara da shekaru muna karanta gaisuwa zuwa gare shi a iska, ashe muna cikin waɗanda suka rufe mishi kanti. Shafin da sunanmu yake kuwa ba mu kaɗai ba ne a ciki. Akwai malaman makaranta, akwai masu kaki, akwai ƴan kasuwar da yau suke da mota.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mun yarda. Amma wanda aka manta da shi don an koma birni, wannan sunanshi daban.

Kuma mu tuna halin da gida ke ciki. Gidan Sori bakin iyaka take, cinikinta da Najeriya yake tafiya. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan Yulin 2023 har farkon 2024. Tun 2019 ƴan bindiga suka koro dubban ƴan uwanmu daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, suka sauka a garuruwan yankin Gidan Runji, aka raba ɗan abin da ke rumbu da su. Ɓarayin ba su tsaya can ba, sun tsallako, sun kore shanu, sun ɗauki mutane. Wanda aka kore ma shanu, ina zai samo nonon da muke marmari? Mai kantin da ke tsoron hanya, yaya zai saro kaya? Abincin da muke waƙa daga nesa, mutane ne ke yin shi, cikin wahalar da mu ba mu kwana cikinta.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko: tsakanin uwa da ɗa babu ciniki, in ka ce za ka biya ta ma ka ɓata mata rai. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a biya uwa ba. Abin da ta ɗebo daga rumbunta ta ba ka, albarka ce, karɓi da hannu biyu. Amma maƙwabciyarta ba ita ta haife ka ba. Hausawa ma da suka san kyauta sun ce yaba kyauta tukuici.

Na biyu: ai muna aika kuɗi gida kowane wata, ga haya, ga wuta, ga ruwa, ga kuɗin makarantar yara, birni ba sauƙi. Wannan ma gaskiya ne, mu ma ƙarshen wata da ƙyar muke ganin shi. Sai dai kuɗin da ka aika na cefane da magani ne. In ka bi shi da jerin kayan da za a aiko maka, ka ba da hannun dama ka karɓe da hagu. In aljihu bai kai ba, a rage jerin, ko a haƙura sai wata mai zuwa.

Na uku, masu cewa ƙuruciyarmu muke kewa, abincin hujja ce kawai, wanda ya koma wani gari ya rungumi abin garin. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ko an kawo maka hurar da hannun kakarka ya dama, ba za ta maido maka da kakar ba. Amma kayanmu na da daraja ko an cire kewa. Gyaɗa ce ta gina Maraɗi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Da farin shekarun 1970 ya karya wannan kasuwa, mata ne suka riƙe sana'ar cikin gidaje har yau. Ayar Agye da Cadawa da Gazawa motoci ke ɗiba zuwa Najeriya. Kilishin Nijar har rajista aka yi mishi a hukumar OAPI, shi da albasar Galmi, don kada wani ya ari sunan. Baƙo ya san kuɗin kayanmu, ɗan gida ne ke son su a banza.

To mene ne abin yi? Ba wani abu mai wuya ba ne.

Kuɗi su riga koli tafiya. Ga Nita, ga Amana, cikin minti kaɗan saƙo ya isa. Ka tambayi farashi, ka aika, ka faɗa ma tsohuwa wannan na mai ƙuli ne, wannan na mai daddawa. In ka je gida ka biya yadda aka faɗa, ka bar tayin nan na cin fuska.

Duk wanda ya san ya taɓa cin bashi a kantin unguwarsu, ya kira ya ce a buɗe kaye. In mai kantin ya rasu, magada na nan. Mun san hukuncin bashi a addini, ba sai mun yi wa'azi ba; gara a biya shi da sefa a nan.

Ƙungiyoyinmu na ƴan asalin gari da ke Yamai, Agadas da sauran wurare, kada taronmu ya tsaya ga biki da ta'aziyya. A haɗa oda guda kowane wata, man gyaɗa, ƙuli, daddawa, aya, a ba ƙungiyoyin mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin asusun da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991. Mace ta san duk wata akwai masu saye, ta san yawan gyaɗar da za ta aje tun kaka lokacin da take da araha. Kuɗin mota ma in an raba sai ya yi sauƙi.

In za mu gida Salla, kada mu ciko but da shinkafa da taliya da sukari daga birni. Mu riƙe kuɗin mu saya a kantin gari, ko da ya ɗara da dala biyar. Wannan dala biyar ɗin ita ce ke sa ka tarar da ƙofar a buɗe baɗi.

Ku ma na gida akwai naku. Iyayenmu mata masu sana'a, a cika mudu, a tsabtace bido, kada a gauraya man gyaɗa da wani mai don an ga mai saye na nesa. Masu kanti, ku daina jin kunyar tuna ma mutum bashinshi don ya sa takalmi mai ƙyalli. Haƙƙinku ne.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗiyanmu da aka haifa a birni. Kwanan baya an buɗe kolin daddawa a gidanmu, yara suka toshe hanci suka gudu. Mun yi dariya, daga baya jikinmu ya yi sanyi. In ba su san ta ba, ba za su neme ta ba. In babu mai nema, mai yin ta za ta bari, ɗiyarta ba za ta koya ba. Mu zuba musu a miya, mu faɗa musu sunan abin, da garin da ya fito, da hannun da ya yi shi. In an yi hutu a kai su gida su ga turmi.

Za mu ci gaba da karanta gaisuwarku zuwa ga mai hura da mai tsire da mai kanti, da farin ciki kuwa. Roƙonmu guda ne: kafin ka danna saƙon murya, ka tambayi kanka ko akwai sunanka a wani kaye da ke ajiye a gida. Mu dai mun biya namu, a makare, kuma tsohon ya karɓa ya sa muna albarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo muna zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya, ya maido da kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.