Naman da tsoho zai iya ci

Da yawa cikinmu mun san Indiya ta hanyar silma ne kawai: rawa da waƙa. Wasu ma suna cewa mutanen can ba su cin nama. Ba haka zancen yake ba. Gaskiya akwai masu ƙin nama saboda addininsu. Amma a Indiya da Pakistan da Bangaladash akwai Musulmi miliyoyi, suna layya kamar mu. Akwai kuma waɗanda ba Musulmi ba masu cin naman rago da na akuya. A ganina, wajen dafa nama sun riƙe wani abu da ya kamata mu duba: suna dafa shi yadda kowa a gida zai samu rabonsa, har wanda ba shi da haƙori.

Ku ɗauki abincin da suke kira nihari. Sunan daga Larabci ya fito, nahar, wato rana, don da safe ake cin shi. An san shi a biranen Delhi da Lakno. Bayan an raba ƙasar a 1947, masu ƙaura suka tafi da shi Karaci, cikin Pakistan. Da ƙwaurin dabba ake yin shi, na sa ko na rago, wurin nan mai jijiya da kowa ke rainawa a teburin mahauci. Sai a sa shi a tukunya da citta da masoro da tonka, a rage wuta, a bar shi ya kwana yana dahuwa. Da asuba jijiyar ta narke, ɓargo ya shiga romo. A kaɗa garin alkama kaɗan don romon ya yi kauri, a matsa lemun tsami, a ci da burodi.

Wanda ya fi burge ni shi ne halim na birnin Haidarabad, abincin buɗa-baki cikin watan azumi. Ana haɗa naman rago da alkama da wani ƙanƙanen wake da suke kira dal, da man shanu. Ya daɗe bisa wuta, awa da awanni, ana tuƙa shi da babbar muciya har nama da hatsi su zama abu guda, kamar fate mai kauri. Ku lura da hikimar nan. Ba tsoka a ciki balle babba ya ɗauke, yaro ya tashi da ƙashi. Nama kaɗan ya ratsa tukunya duka. A 2010 hukumar Indiya ta yi wa sunan halim ɗin Haidarabad rajista, don kada wani gari ya ara.

A Kashmir, can arewa cikin duwatsu, suna da rogan josh, jan romon rago. Jan nan na wata tonka ce marar zafi sosai, kuma wasu gidaje da kindirmo suke dafa shi. Tsamin nono yana tausasa nama. Haka ɗanyar gwanda: a Lakno suna niƙa ta cikin nama, su yi wani kabab mai laushi. Ana ba da labari wai don wani sarki da haƙoransa suka zube aka fara yin shi.

To, mu fa? Ranar layya mukan gasa, washegari mu soya har ya bushe. Da dalili, don soyayye yana daɗewa bai lalace ba, ban ce a daina ba. Amma kaka tana zaune, an miƙa mata yanka guda, tana tsotsa tana ajiyewa.

Na san abin da uwargida za ta ce: "Malam, itace fa? Wa zai saye?" Tana da gaskiya, itace ya yi tsada. Sai dai dahuwar nan ba harshen wuta take so ba, garwashi take so. Mutanen can suna da dabarar da suke kira dam: a liƙe bakin tukunya da kwaɓaɓɓen gari don kada tururi ya fita, a ɗora garwashi kaɗan bisa murfi. Garwashin da ya rage bayan gashin layya yana iya wannan aiki. Nono muna da shi, gwanda akwai a kasuwa. Bana ku ware ƙwauri da wuya, ku gwada tukunya guda don tsofaffin gida.