Wuƙar Feɗe Waƙa Ba Ta Feɗe Labari

Jama'a, yawancin abin da ɗaliban Hausa ke kira "nazarin salo" a littattafanmu ƙidaya ce kawai. A ɗauki littafi a bi shi da jan biro: nan kamance, can siffantawa, ga mutuntarwa, ga kambamar zulaƙe. Da an tara "kamar" da "tamkar" guda goma sha, shi ke nan an gama babi na huɗu, sai jiran digiri.

Ni ban raina waɗannan kalmomi ba, amma daga ina suka fito? Daga fagen waƙa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo Gadon Feɗe Waƙa ya kira tsarinsa, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya kuma Salo Asirin Waƙa ya raɗa wa littafinsa na 2001. Waƙa suka ce, ba su ce labari ba. Mabiyansu ne suka ari wuƙar suka nufo mu da ita.

Salon mai labari ai ba a nan yake ba. Yana wurin da ka yanke littafi na ɗaya, har matar aure a Ruwan Godiya ta kasa barci sai ta aika Funtuwa an sayo mata na biyu. Yana cikin yadda uwar miji za ta buɗe baki, mai karatu ya gane ta tun ba a ambaci sunanta ba. Ko kishiya ta gaida amarya gaisuwa mai kyau, amma duk wadda ta zauna gidan yawa ta san an yi habaici. Babu "kamar" ko ɗaya a ciki, don haka mai biro sai ya wuce. Da irin wannan Bilkisu Funtuwa ta riƙe mata a Allura Cikin Ruwa, da shi Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa matasa hawaye a kan Sumayya. Wane suna masana suka ba wannan gwaninta?

Tun da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba mana "Adabin Kasuwar Kano" a shekarun 1990, an ƙarar da tawada wajen gardamar ko adabi muke yi ko shirme, shi da Abdalla Uba Adamu a shafukan New Nigerian. To, mun ji, 'yan kasuwa ne. Amma ko a kasuwar Sheme ba a auna shanu da tiyar masara. Ku ƙera mana ma'aunin zube, ko ku daina cewa littattafanmu ba su da salo.